Layi biyu kacal na roƙa, yau kwana huɗu ina gadin baƙin allo

Duk wanda ya sake ce mini ɗora wa tsofaffin kwamfutoci babbar manhaja ta natwok aikin minti goma ne, wai F12 kawai za ka danna, wallahi sai na ja hannunsa na zaunar da shi gaban injinan nan goma sha huɗu da aka jibge mini, in rufe masa ƙofa ta waje.

Ba don burgewa na bi wannan hanya ba. Rabinsu wurin saka faifan sidi ya mutu, wasu kuma BIOS ɗinsu, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da injin, ko kallon filasha ba ya yi. Abin da ya rage mini shi ne PXE, tsarin da Intel ya fitar, wanda sigarsa ta 2.1 ta fito tun 1999. Kuma ba wani tsafi a cikinsa. Kwamfuta za ta tashi, katin natwok ya yi kira yana neman adireshi, sabar DHCP, mai rabon adireshi, ta ba shi, sannan ta haɗa masa da bayani biyu: ga inda sabar TFTP mai turo fayil take, ga sunan fayil ɗin da zai jawo ya tashi da shi. Zaɓi na 66 da na 67 ke nan a saitin DHCP. Layi biyu! Su na je na roƙi mai kula da natwok ɗin ginin ya ƙara mini.

Ya ce, "Malam, ka rubuto a takarda." Na rubuta. Washegari ya ce sai oga ya sa hannu. Rana ta uku ya ce ai batun tsaro ne, ba a taɓa sabar haka kawai. Tsaron me, don Allah? Injinan da ko babbar manhaja babu a cikinsu, me za su sata? Kuma don in girmama aikinsa ne ma na ƙi kunna tawa sabar DHCP a kan layinsa, domin na san idan biyu suka haɗu suna rabon adireshi, duk ginin ne zai rikice, kowa ya rasa intanet. Na bi ta lalama, na saita wata manhaja mai suna dnsmasq a yanayin wakilci, wanda ba ya raba adireshi, bayanin tashi kawai yake ƙarawa. Shiru. Allo baƙi ƙirin, sai PXE-E53, wato ba a samu sunan fayil ba. Sai da na ɓata wuni guda sannan na gano ashe ɗakin a wani ɓangaren natwok yake daban, kiran da injinan ke yi ba ya tsallake rauta, na'urar da ke haɗa ɓangarorin, ya iso wurina. Mai kula da natwok ɗin ya san da haka. Yana tsaye a bayana lokacin da nake ta jan kebul ina mayarwa, bai ce uffan ba.

Ana wata ga wata. Injina biyar suka dage sai PXE-E51, wai babu wanda ya amsa musu. Sabar na nan da ranta. Suwic ɗinsa, na'urar da kebul ɗin injinan ke haɗuwa a cikinta, shi ne ke riƙe kowace kafa kusan daƙiƙa 30 kafin ya buɗe ta, yana duba ko akwai kebul da ya zagayo kansa, su kuma tsofaffin katunan wasunsu ba su da wannan haƙurin, sai su yi fushi su fita. Saiti ɗaya zai canza a kafafen ɗakin maganar ta mutu. Na faɗa masa. Ya ce in rubuto a takarda.

Nan ne raina ya ɓaci. Na zare duk kebul ɗin ɗakin daga bango, na kawo ɗan ƙaramin suwic nawa, na mayar da laftof ɗina sabar komai. Sai kuma tsufan injinan ya fito da nasa halin. TFTP, a asalin tsarinsa, bayit 512 yake turowa ya tsaya sai an ce masa ya iso kafin ya turo na gaba, don haka babban fayil sai ka yi hamma ka gaji. Na ce bari in sa iPXE, wata ƙaramar manhajar tashi ta natwok, a tsakiya ya riƙa jawowa ta HTTP, hanyar da shafukan intanet ke bi. An gudu gara an faɗa gidan zago: iPXE ya tashi, ya sake tambayar DHCP, aka sake miƙa masa kansa, ya sake tashi, haka yake ta kewaye kamar mai neman abin da ke hannunsa. Sai ka koya wa sabar ta gane shi ta ba shi wani fayil daban. Masu rubuta bayanan minti goman nan, ina suka ɓoye wannan?

Batirin CR2032 na kan allon uwa ma ya mutu a guda shida. Ka shiga BIOS ka kunna tashi ta natwok, ka zare wuta, ya manta. Kwanan wata ya koma baya shekara da shekaru, duk abin da ya bi ta HTTPS, wato HTTP mai tsaro, a ƙi shi, wai takardar shaidar lokacinta bai yi ba. Guda uku kuma tsohon samfurin 32-bit ne, kuma babbar manhajar Debian 13 da ta fito a 2025 ba ta da mai girkawa na irinsu, sai na koma wa Debian 12.

Jiya da yamma goma sha ɗaya suka tashi lafiya lau, har na ɗan miƙe bayana. Ina cikin naɗe kebul sai ga mutumin ya shigo, fuska a murtuke, yana tambaya wa ya ba ni izinin zare wayoyi daga bango. Wai zai kai rahoto. Na ce masa, "Yallaɓai, ka rubuto a takarda." Ukun da suka rage suna nan suna nuna mini PXE-E61, wai in duba kebul, ga kebul sabo fil a jikinsu, kuma takardata ta farko har yanzu tana kan teburinsa, an ɗora mata kofi.