Ku bar mu da tatsuniyar "Rimi ya ci amanar Malam"

Jiya a teburin mai shayi wani yaro, wanda ko zamanin Abacha ba a haife shi ba, ya gyara zama yana koya mana tarihi, wai jam'iyyar PRP ta wargaje ne kawai don Rimi ya ci amanar jagoranta, Malam Aminu Kano. To sannu shehin malami! Ko biredina ban iya ƙarasawa ba.

Kora ce ta kashe PRP. Jam'iyya ce da ba ta san wani maganin saɓani ba sai kora. A 1979 talakawa suka ba ta gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Suka fara zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP, uwar jam'iyya, Malam da sakatarensa Sam Ikoku, ta ce kul. Suka ƙi ji. Aka yi zaman sulhu har aka gaji? Ina! Kora. Su kuma suka ja zugarsu, suka ɗora tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a shugabanci, suka ce su ne PRP ta gaskiya. Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta tsaya wa ɓangaren Malam. Shi ke nan, ga Santsi, ɓangaren su Rimi, ga Taɓo, ɓangaren Malam; makulli ɗaya, tambarin jam'iyya, gida biyu.

Na san za ku ce ai jam'iyya sai da ladabtarwa. Naji. Ladabtarwar ta haifi me? A Yunin 1981 'yan NPN, jam'iyya mai mulkin ƙasa a lokacin, a majalisar Kaduna suka tsige Balarabe, gidansa na PRP na can ana rigimar wa ya kori wa. Za ku ce dama suna da rinjaye. Eh, sai muka taya su da ɓaraka. Zuwa 1983 Malam ya rasu, Rimi ya koma jam'iyyar NPP, Kaduna ta tafi hannun Lawal Kaita na NPN.

Abin da ke ci mini rai, mahaifina ɗan Taɓo ne, ƙanensa ɗan Santsi. Tare suka yi murna ranar da aka soke haraji da jangali, amma sai da suka shekara biyu ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Kakarmu ce ke raba musu tuwo, tana tsaki.

Af, bajon makullin Baba yana nan cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya yi tsatsa. Wa ya san abin da ake goge irinsa da shi? An ce lemon tsami da toka, amma ina tsoron fentin ya tashi.