Wake a abincin kaji: a fara da wanda ƙwari suka huda

Duk mai kiwon kajin ƙwai a Damagaram ya san inda kuɗinsa ke zurarewa. Abinci kaɗai yana lashe kusan kashi biyu cikin uku na abin da yake kashewa, kuma cikin kayan haɗinsa masu tsada akwai dusar waken suya, wadda galibi daga waje ake shigo da ita. Rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna wa makiyaya haɗarin dogaro da buhun da sai ya ƙetaro iyaka.

Shi ya sa wasu ke cewa a koma ga wakenmu. Maganar tana da tushe, domin bayan Najeriya, Nijar ce ta fi noman wake a duniya, kuma gonakin Magarya, Matamaye da Mirya shaida ne.

Sai dai wake ba waken suya ba ne. Sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 22 zuwa 25 cikin ɗari ba, alhali na dusar waken suya yana kai wa 44. Ɗanyensa kuma yana ɗauke da wani sinadari mai hana kaza narkar da abin da ta ci, don haka tsaki zai ci ya ƙoshi amma ya ƙi girma. Dole a gasa shi ko a dafa a shanya kafin a niƙa. Ko bayan nan sai an haɗa da garin kifi ko tunkuza, ita ma tunkuzar wadda ba ta yi funfuna ba, don gubar funfunar gyaɗa tana lalata hantar kaji.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunya. Waken nan shi ne ƙosai, shi ne ɗanwake, shi ne naman talaka. In masu gidajen gona suka shiga kasuwar Dole ta Damagaram suna sayen mai kyau buhu-buhu, uwar gida ce za ta ji a farashin tiya, musamman da damina.

Ni a ganina, rabon kaji shi ne ɓarzajjen wake da wanda ƙwari suka huda, irin da 'yan kasuwa ke rabuwa da shi a wulaƙance. Aikin da ya rage na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa (INRAN) ne da Jami'ar André Salifou ta Damagaram: su gwada a kan kajinmu da zabbinmu, su faɗa a rediyo da Hausa tiya nawa ta gasasshen wake za a zuba a buhun dawa.