Jarkar Jamus ta ci mutuncina

Kun dai san ƙanin matata, ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya ja ni gidan tarihin sojoji, na bi shi ina zaton tankokin yaƙi zan gani. Ashe gidan na masu kai wa soja kaya ne: tukwane, buhuna, tayoyi, gwangwanaye. Na ce to, mun biya kuɗi mun zo kallon sito.

Gwangwanin ya ɗan burge ni. A 1810 Peter Durand ya yi rajistar adana abinci a gwangwani a Ingila, amma abin buɗewa bai fito ba sai bayan shekara 40 da ɗoriya. Kafin nan sai guduma ko wuƙar bakin bindiga.

Sai muka iso wurin jarka. Jamusawa suka ƙera ta a shekarun 1930, ta ƙarfe, lita 20, mariƙi uku a jere. Sojojin Ingila suna kiran Bajamushe "Jeri", sai suka ce mata "jerrycan", wato gwangwanin Jeri, daga nan sunan jarka ya samo asali. Ni da na girma ina rantsuwa jarka Hausa ce tsantsa! An ajiye biyu cike da ruwa don baƙi su gwada ɗagawa, ga 'yan makaranta wajen 30 da malamarsu sun yi da'ira.

"Yaya, bar shi, bayanka," in ji ƙanin matata.

Wannan "bayanka" ɗin ce ta kashe ni. Na naɗe hannun riga, na kama ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce ta haura kilo 20. Na durƙusa, na ja numfashi, na yunƙura. Jarkokin sun tashi, wallahi sun tashi, kamar taƙi ɗaya. Sai na ji ɓaaar! Ba ƙaramar ɓarka ba, irin mai tafiya a hankali ce, tun daga ƙugu har inda ba a faɗa, kuma ɗakin tsit kamar ana jarrabawa. Na tsaya a sunkuye. In saki, sai na miƙe. In miƙe, sai iska ta shiga. Wata 'yar yarinya ta ce, "Malama, wandon Baba ya buɗe baki." Malamar ta juya tana karanta allon bango, kafaɗunta na rawa.

Amma duk ban ji haushinsu ba kamar wani tsoho mai sanda da ke tsaye a gefe. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya matso ya nuna mini mariƙan gefe, ya ce an yi su ne don mutum biyu su ɗauki jarka ɗaya tare. Sannan ya shiga ba ni labarin Red Ball Express, wani ayarin motocin kai wa soja kaya na 1944 a Faransa, motoci wajen 6,000, yawancin direbobin baƙaƙen fatar Amurka, suna jigilar mai dare da rana. Ina riƙe da wando ta baya yana ta lacca. Wa ya tambaye shi? Har ya ƙara da cewa da gwiwa ake ɗagawa, ɗana, ba da baya ba. Mutumin da sanda ke riƙe da shi!

Rigar sanyin ƙanin matata na ɗaura a ƙugu muka fita. Ya rantse bai ɗauki bidiyo ba, amma matata ta tare ni a ƙofa da zare da allura. Rigar tana wurina, ba zan mayar ba.