Wanda ya killace saniya, haƙƙinta ya hau kansa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake a kan bidiyon wata gonar madara da ke bayan Ikorodu a jihar Legas, inda wani Alhaji ya killace shanunsa, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne masu yi wa Alhajin sambarka a ƙasan bidiyon. Kowa na faɗin yawan madarar da ake tatsa: lita ashirin, lita ashirin. Ba wanda ya kalli ƙafafun shanun. Suna tsaye cikin kashinsu da fitsarinsu har idon sawu, a ƙarƙashin kwanon da ba rufi, baki buɗe suna haki, ɗaya ma hantsarta a kumbure take. Haba jama'a, wannan ne kiwon zamani?

Ni ban ƙi killace shanu ba. Tun Satumbar 2021 gwamnatin Legas ta hana kiwon sake, saboda haka duk mai son tatsar madara a jihar nan dole ya killace. Amma ranar da ka rufe wa saniya ƙofa, duk abin da take nemar wa kanta a daji ya koma wuyanka: inuwa, ruwan sha, busasshiyar ƙasar da za ta kwanta ta yi tuƙa. Saniyar Bafulatani idan rana ta yi zafi ta san gindin bishiya. Taka ba ta da inda za ta je sai inda ka ajiye ta.

Kuma waɗannan shanun masu baƙi da fari asalinsu ƙasar Holan ne da arewacin Jamus, dabbobin sanyi ne. Da zafi ya wuce digiri 25 sun fara wahala, su rage cin abinci, madara ta ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya. To ina ga Legas da zafinta mai ɗanko? Shi ya sa masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya suka daɗe suna haɗa su barbara da Bunaji, don a samu mai ba da madara kuma mai jure ƙasarmu. Bunaji da Bokoloji lita ɗaya zuwa biyu suke bayarwa a rana, gaskiya ne, amma ba sa neman fanka. Ka kawo wadda ke neman fanka da yayyafin ruwa ka hana ta, ka zalunce ta, kuma ka cuci aljihunka, domin ciwon hantsa da ruɓewar kofato daga wannan caɓin suke fitowa.

Wani ya rubuto min wai mutane na kwana da yunwa ni ina ta saniya. Ɗan'uwa, madarar saniya mai ciwon hantsa cikin ɗanka za ta shiga, tare da ragowar allurar da ake ɗirka mata. Wani kuma ya ce tausayin dabba tunanin Turawa ne. Subhanallahi. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kullewa ce fa laifin! Ya kuma yi umarni a yanke farce kafin a tatsi dabba don kar a ji wa hantsarta rauni. Matan rugar da muka taso muna gani sai maraƙi ya fara tsotsa sannan su tatsa, kuma su rage masa. A gonar can ban ga maraƙi ko ɗaya kusa da uwarsa ba.

Sai maganar kashin. Duk wanda ya san mayankar Oko-Oba a Agege da damina ya san inda ƙazantar shanu ke bi: kwata, rafi, sannan ruwan da ya kewaye Legas. Irin wannan ƙazanta ce ke ƙara wa ciyawar nan ta kan ruwa ƙarfi, wadda ke toshe wa jiragen ruwa hanya a Ikorodu duk shekara. Idan kuma aka tara kashin a rami ya ruɓe, iskar methane yake fitarwa, wadda ta fi hayaƙin mota riƙe zafi a sararin samaniya nesa ba kusa ba. Kar a ce min ai Turai da Amurka ne suka ɓata duniya. Su suka ɓata, amma rijiyar maƙwabcin Alhaji ba su suka ɓata ba. Abin takaici, wannan kashin taki ne da manoma ke saye da kuɗi a Kano, kuma iskar da ke fita daga cikinsa ana tara ta a yi girki da ita. Mai killacewa shi ke da alhakinsa, kamar yadda yake da alhakin inuwa da ruwa.

Tun 2024 muke da ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Ina roƙonsu, duk wanda za a ba rancen kafa gonar madara a fara tambayarsa ina inuwa, ina kuma kashin zai tafi.