Kundin Tsarin Mulkin Sifaniya na 1978 da Laifin Waɗanda Suka Gaje Shi

Duk lokacin da rikicin Kataloniya, yankin Sifaniya da wasu mutanensa ke neman ɓallewa, ya taso, sai a ji wasu 'yan siyasar Sifaniya suna cewa kundin tsarin mulkin 1978 ciniki ne da aka ƙulla da magadan Janar Franco, wanda ya yi wa ƙasar mulkin kama-karya, don haka bai cancanci girmamawar da ake ba shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma a ganina an ɗora laifin inda bai dace ba.

Sifaniya ta daɗe tana rubuta kundin tsarin mulki tana yagawa. Na Cadiz, wanda aka rubuta a 1812 lokacin da sojojin Napoleon suka mamaye ƙasar, Sarki Fernando na Bakwai ya soke shi da dawowarsa a 1814. Aka yi na 1837, da na 1845, da na 1869, da na 1876, kuma galibi ɓangaren da ke da rinjaye ne yake tsara abin yadda yake so, wanda aka kayar kuma ya koma gefe yana jiran wani janar ya fito daga bariki. Na 1931 ya kafa jamhuriya ya ba mata damar jefa ƙuri'a, amma ya takura wa cocin Katolika har ya hana ƙungiyoyinta koyarwa, sai ɗimbin jama'a suka ɗauke shi kundin abokan gaba. Bayan shekara biyar aka faɗa yaƙin basasa, daga nan kuma Franco ya riƙe ƙasar har mutuwarsa a Nuwamba 1975.

Wanda zai yi wa mutanen 1978 hukunci, ya fara duba halin da suka yi aikin a ciki. Sarki Juan Carlos, Franco ne ya zaɓe shi magaji. Adolfo Suarez, wanda sarkin ya naɗa firaminista a 1976, tsohon jagoran jam'iyyar gwamnatin Franco ne, kuma shi ya lallashi majalisar da Franco ya bari har ta amince da dokar da ta kawo ƙarshenta. A Janairun 1977 'yan bindiga masu tsattsauran ra'ayi suka shiga ofishin lauyoyin ƙwadago masu alaƙa da 'yan kwaminis a titin Atocha da ke Madrid suka kashe mutum biyar. 'Yan kwaminis suka fito dubbai suka raka gawarwakin cikin natsuwa, ba wanda ya ɗauki fansa. A Afrilu Suarez ya halatta jam'iyyarsu, ministan sojojin ruwa ya ajiye aiki don fushi, shi kuma shugaban 'yan kwaminis Santiago Carrillo ya amince da sarauta da tutar da magoya bayansa suka yi shekaru suna ƙi. A kwamitin mutum bakwai da ya tsara daftarin, Manuel Fraga, tsohon ministan Franco, ya zauna teburi ɗaya da Jordi Sole Tura, ɗan kwaminis da ya taɓa gudun hijira saboda mulkin nan. Ba wanda ya tashi daga wannan zama da duk abin da ya zo nema, kuma ina ganin wannan ne ya sa kundin ya ɗore.

Sashe na 2 shi ne shaida. A jumla ɗaya ya ce ƙasar Sifaniya ɗaya ce da ba ta rabuwa, ya kuma amince da 'yancin cin gashin kai ga al'ummomi da yankunan da ke cikinta. Da gangan aka bar maganar da harshen damo, domin sojoji su karanta farkonta su kwantar da hankali, mutanen Kataloniya da na yankin Bask kuma su karanta ƙarshenta. A zaɓen raba gardama na 6 ga Disamba 1978, kusan kashi 88 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka amince, ko da yake babbar jam'iyyar 'yan kishin Bask ta nemi magoya bayanta su ƙaurace. Tsoron sojoji kuwa ba shaci-faɗi ba ne: a ranar 23 ga Fabrairu 1981 Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa majalisa da bindiga ya yi garkuwa da 'yan majalisar har washegari.

Inda masu suka suke da hujja shi ne dokar afuwa ta 1977, wadda ta saki fursunonin siyasa amma ta kare jami'an da suka azabtar da mutane, aka kuma bar dubban gawarwakin yaƙin basasa a kaburburan bai ɗaya. Sai a 2007 aka yi dokar farko kan wannan, sai a 2019 aka tono gawar Franco daga katafaren kabarin da ya gina. Jinkirin ya yi yawa, amma gwamnatocin da suka biyo baya ne suka yi shi, a lokacin da barazanar bariki ta riga ta gushe.

Haka ma batun gyara. Zuwa 2024, sau uku kacal aka taɓa kundin, a 1992 da 2011 da 2024. Na 2011, wanda ya ɗaure gwamnati kan giɓin kasafin kuɗi, manyan jam'iyyu biyu sun gama shi cikin 'yan makonni ba tare da an tambayi jama'a ba, saboda matsin bashi. Ke nan idan sun so, suna iyawa. Amma babin da ya shafi rabon iko tsakanin Madrid da yankuna 17, wanda aka bar shi a buɗe tun farko don a ƙarasa daga baya, ba a taɓa shi ba. Shi ya sa sabuwar dokar cin gashin kan Kataloniya ta 2006, wadda majalisar yankin da ta ƙasa da masu ƙuri'ar yankin suka amince da ita, ta ƙare a gaban kotun tsarin mulki, wadda ta soke wasu sassanta a 2010. Daga nan aka gangaro zuwa ƙuri'ar ɓallewa ta 1 ga Oktoba 2017, da dakatar da gwamnatin yankin bisa sashe na 155, da ɗaure jagororinta, sannan aka dawo ana yi musu afuwa.

Ana yawan fakewa da cewa gyaran kundin yana da wuya. Gaskiya ne idan za a taɓa sarauta ko sashe na 2, domin sai an samu kashi biyu cikin uku, a rushe majalisa, a sake zaɓe, sannan a je raba gardama. Babin yankuna ba ya cikin wannan rukuni. Kashi uku cikin biyar na majalisar wakilai da ta dattawa ya isa, adadin da manyan jam'iyyun biyu, ta 'yan gurguzu da ta masu ra'ayin riƙau, suka haɗa cikin sauƙi a 2011, suka kuma sake haɗawa a 2024.