Wata takwas a kan jirgin da ba zai taɓa shiga ruwa ba

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, rubutun nan zai ɗan yi tsawo.

Kwanakin baya wani abokina ya shigo ɗakin da nake aiki ya same ni duƙe da hantsaki a hannu, ina ƙulla zare a jikin wani ɗan jirgin katako mai filafilai wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Malam, yanzu da girmanka? Wannan ai wasan yara ne. Ko ruwa ba zai shiga ba." Ban ji haushinsa ba, domin abin da kusan kowa ke gani ke nan. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa ra'ayin a fili.

Ni a ganina, wanda ya ƙera ƙaramin jirgi da hannunsa ya karanta jirgin karatun da kallon hoto ko karanta littafi ba sa bayarwa. Kafin in fara wannan aiki, idan na ga hoton tsofaffin jiragen nan masu tafiya da iska, igiyoyinsu kamar saƙar gizo-gizo nake ganinsu, tarkace kawai. Yanzu kuwa babu igiyar da zan gani ban tambayi kaina daga ina ta taso, ina ta nufa, me take riƙewa ba. Ashe kashi biyu ne. Akwai igiyoyin da ba sa motsi, aikinsu su tokare dogayen turakun da filafilai ke rataye a kai, su hana iska karya su. Waɗannan da kwalta ake shafe su don kada ruwan gishiri ya cinye su, shi ya sa muke yin su da baƙin zare. Akwai kuma waɗanda ake ja ana saki kullum don ɗaga filafilai da juya su, su ba a shafa musu kwalta domin sai sun riƙa zamewa cikin sauƙi, sai mu yi su da zare mai ruwan ƙasa. Ranar da na gane wannan bambanci da yatsuna, ba da kai kawai ba, daga ranar hoton jirgi ya daina zame mini duhu.

Amma ba a igiya ake farawa ba. Ana farawa ne da ƙashin bayan jirgin, wato dogon itacen da ke kwance daga goshi zuwa ƙeya, sannan a jera masa haƙarƙari. A nan mutum ke cin jarrabawa ko ya faɗi, kuma ba zai san ya faɗi ba sai bayan watanni. A jirgina na farko ɗaya daga cikin haƙarƙarin ya ɗan karkace, karkatar da ba ta fi kaurin farce ba. Na gan ta sarai. Na ce a raina ai falankai za su rufe. Suka kuwa rufe, amma suka bi karkatar. Bayan wata uku, da na kafa turken tsakiya, sai na ga ya jingina gefe guda, duk dabarar da na yi ya ƙi miƙewa, domin daɓen da yake tsaye a kai shi ma a karkace yake. Na zauna gaban jirgin nan na daɗe ban ce uffan ba. Daga ƙarshe na sa wuƙa na ɓamɓare aikin wata biyu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji shi.

Bayan an jera haƙarƙarin akwai wani aiki da babu mai gani, babu mai yabawa: goge gefen kowane haƙarƙari da samfefa har ya kwanta daidai da lanƙwasar jikin jirgin. Za ka ɗauki sillen katako ka ɗora a kan haƙarƙari uku ko huɗu, ka leƙa ta ƙasa. In ka ga haske yana ratsawa, ko sillen ya hau kan kaifin gefe maimakon ya kwanta lamɓas, to da sauran aiki. Ka goge, ka sake gwadawa. Kwana da kwanaki ana wannan, ƙura ta cika maka hanci da gashin ido, kuma wanda ya shigo ba zai ga abin da ya canja daga jiya ba. Yawancin jiragen da aka fara aka watsar a kan kwaba, a nan matsalarsu ta samo asali, mai aikin ya ƙosa ya ga jirgi ya tsallake wannan mataki.

Sai lanƙwasa falankai, wanda shi ne na fi so a duk aikin. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to namu busasshe ne, sai an lallashe shi. Za ka jiƙa sillen a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka ɗora shi a kan ƙarfe mai ɗumi, ka riƙa dannawa a hankali. Akwai wani lokaci da za ka ji a yatsunka katakon ya saki jiki, ya yarda. In ka wuce wannan lokacin da ƙarfi, sai ka ji ƙas, ya tsage. Sannan kowane sille sai an fiƙe shi ya sirance ta wajen goshi, saboda cikin jirgi ya fi faɗi a tsakiya, amma adadin falankan da suka rufe tsakiyar su ne dai za su matsu su isa goshin. Wannan lissafi ne na gaske: ka auna zagayen kowane haƙarƙari da tsirin takarda, ka raba da yawan falankan, ka fitar da faɗin kowanne a kowane wuri. Masassaƙan manyan jirage da wannan matsala suka yi fama, su da itatuwan da sai mutane da yawa ke ɗagawa, suna turara su da tururi kafin su lanƙwasu.

Kuma wanda ya ce wasan yara ne, ya duba tarihi. A shekarar 1920 aka buɗe wani ɗaki a kabarin wani babban bafaden Fir'auna mai suna Meketre a ƙasar Masar, aka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu da masu tuƙi da filafilai, sun shekara wajen 4,000 a ajiye. Da yawa daga abin da aka sani game da yadda ake zirga-zirga a kogin Nilu a wancan zamani, daga irin waɗannan aka gano shi. A 1954 kuma aka tono wani cikakken jirgi a gindin babbar dalar Giza, na Fir'auna Khufu, an wargaza shi gunduwa 1,224, yawancinsa itacen al'ul na Labanan, babu zane, babu bayani. Mutumin da aka ɗora wa haɗa shi, Ahmed Youssef Moustafa, ya je ya zauna da maƙeran jiragen Nilu ya koyi sana'arsu, ya riƙa ƙera ƙananan samfura yana gwadawa, har ya gane inda kowace gunduwa take shiga. Shekaru ya ɗauka. Jirgin ya fito da tsawon mita 43, kuma da igiya aka ɗinke shi. Ƙaramin jirgi ne ya nuna hanyar tayar da babban.

A Ingila ma, tun ƙarni na 17 ake ƙera wa hukumar sojan ruwa ƙananan samfuran jiragen yaƙi, da yawansu a ma'aunin 1 bisa 48, wato an rage girman jirgin sau 48, ana barin gefen ƙasa a buɗe don a ga yadda haƙarƙarin suka jeru. Maƙera da yawa a Turai da Amurka sukan sassaƙa rabin jikin jirgi a ƙarami tukuna, su gyara shi da ido da hannu har ya yi musu, sannan su ɗauki awonsa su faɗaɗa. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na fursunonin Faransa da Ingila ta tsare a lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon. Mutanen nan ba su da katako mai kyau, ba su da kayan aiki. Ƙasusuwan naman da ake ba su suke tarawa su wanke su goge, su ƙera jirage da su, wasu igiyoyin da gashi suka yi su. Suna sayarwa su sami ɗan abin kashewa, amma duk wanda ya ga ƙanƙantar aikin da tsaftarsa ya san ba kuɗi kaɗai suke nema ba. Mutum a kulle, shekara da shekaru, yana riƙe da hankalinsa ta hanyar ƙera abin da ya sani. Har yau ana ajiye da su a gidajen tarihi.

Maganar ma'auni ita ma darasi ce. A ma'aunin 1 bisa 96, mutum cikakke bai kai santimita 2 ba. Igiyar da kaurinta ya kai santimita biyu da rabi a babban jirgi, a wurinka ta koma kwatan milimita. In ka sa zaren da ya fi haka kauri, ido zai gane ko da mai kallon bai san dalili ba, jirgin zai yi kama da abin wasa. Shi ya sa muke jan zaren a kan kakin zuma don gashinsa ya kwanta, domin ɗan gashin zare a wannan ma'auni daidai yake da igiyar da ta tsinke ta yi buzu-buzu. Tsanin igiyar da ma'aikatan jirgi ke takawa su hau sama kuwa, kowace mahaɗa ƙulli ne, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa. A nan ne na fara tunanin mutanen da suka hau ainihin tsanin nan cikin dare, ana ruwa, jirgi na tangaɗi. Jirgin Victory da Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar a 1805, igiyoyinsa sun kai kimanin kilomita 42, kuma itatuwa wajen 6,000 aka sare kafin a gina shi. Wannan adadi da a da nake karantawa in wuce, yanzu yakan sa in yi shiru.

Haka labarin Vasa. Jirgin yaƙin Suwidin ne mai igwa 64, ya tashi daga Stockholm ranar 10 ga Agusta 1628, bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa na ƙasa, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo. Nauyinsa ya yi yawa a sama, cikinsa bai ɗauki isasshen abin danne shi a ƙasa ba. Kafin tafiyar an gwada shi, aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zagaye uku aka tsayar da su don tsoron kada ya kife. An ga matsalar ke nan, aka kuma bar shi ya tafi. A 1961 aka ciro shi kusan cikakke. Duk wanda ya taɓa ganin karkataccen haƙarƙari ya ce falankai za su rufe, ya san yadda irin wannan ke faruwa.

Yanzu ga inda nake da saɓani da wasu 'yan uwana masu wannan sha'awa. Sabon shiga zai zo, sai a nuna masa hoton Victory ko Cutty Sark, jirgin dakon shayin nan da aka gina a Sikotland a 1869 wanda yanzu yake Greenwich a Landan, sai ya ruɗu ya sayi babban kwalin kayan haɗa samfurin jirgin. Ni ina ganin wannan cutarwa ce. Jirgi irin wannan shekaru yake ci a hannun gwani. Wanda bai taɓa lanƙwasa sille ɗaya ba zai gaji tun kafin ya rufe jikin, ya tura kwalin ƙarƙashin gado, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da basira, alhali ba basirar ce ta gaza ba, kayan ne ya fi ƙarfin mafari. A fara da ɗan kwalekwale mai turke ɗaya. A gama shi, ko da da kurakurai. Kayan aikin ma ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, samfefa, ƙaramin zarto, gam na katako, hantsaki, 'yan filoli, da abin maƙale shanya don matse falankai kafin gam ya kama. Kuma don Allah a rage dogaro da gam mai kamawa nan take, yana barin tabo a katako wanda fenti da mai ba sa ɓoyewa, kuma ba ya ba ka damar gyara in ka ɗora ba daidai ba.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda kusan duk kwalayen da ake sayarwa jiragen Turai ne, kamar su kaɗai suka san teku. Larabawa da mutanen Indiya da na gabashin Afirka sun shekara ɗaruruwa suna ratsa tekun Indiya da jirage masu filafili mai kusurwa uku, suna bin iskar da ke juyawa da damina da rani. Wasunsu ko ƙusa ɗaya babu a jikinsu, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke falankan. An gina irin wannan ɗinkakken jirgi a Oman, aka sa masa suna Jewel of Muscat, bisa ragowar wani jirgin ƙarni na 9 da aka gano a ruwan Indunusiya, a 2010 kuma ya yi tafiya da iska har Singafo.

Irinsa nake so in yi nan gaba, ba daga kwali ba, daga zane. Na riga na gwada ɗinkin a kan sille biyu. Dole ramukan su zo daura da juna, tazararsu ɗaya, in kuwa ba haka ba, da ka ja zaren sai falanki ɗaya ya haye kan ɗan uwansa. Sau huɗu katakon yana tsagewa daga bakin rami, sai da na matsar da ramukan ciki kaɗan na kuma rage kaurin allurar. A na biyar ɗinkin ya kama. Na ɗaga shi sama wajen taga na leƙa mahaɗar, haske bai ratsa ba.