Hirudus da labulen falo

Matasan cocinmu sun ce sun gaji da gemun auduga da rawanin tawul. Kirsimetin bara sai suka yanke cewa za a ba da labarin haihuwar Yesu da wayar hannu. Umarnin ƙidayar da Kaisar Augustas ya bayar zai fito kamar labarin da ke shigowa da ɗumi-ɗuminsa, masanan taurari za su bi taswirar waya, makiyaya kuma za su sami albishir ta WhatsApp, ana haska komai a bango da majigi.

Wani dattijo ya tashi a taron kwamiti ya ce shi bai ga waya a Littafi Mai Tsarki ba. Shugaban matasa, wanda da alama ya kwana yana shiri, ya ce, "Baba, jakin da muke ɗora Maryamu a kai duk shekara, a wace aya yake?" Babu shi, ko a Luka ko a Matiyu. Mai masaukin da ke daka tsawa yana cewa babu wuri, shi ma Luka bai ambace shi ba, cewa kawai ya yi ba su sami ɗaki a masauki ba. Matiyu kuwa bai ce masanan uku ne ba, kyaututtukan ne uku: zinariya da lubban da mur. Yaron bai tsaya nan ba, har ya kawo Faransis na Assisi, wanda a 1223 ya kai sa da jaki masu rai cikin kogo a Greccio ta ƙasar Italiya don mutane su gani da idonsu. Ya ce a lokacin shi ma sabon abu ne. Dattijo ya koma ya zauna yana gyaran tabarau.

Ni aka ba Hirudus, wai saboda muryata. Aka kuma ari wayata ta zama ta makiyaya, don ita kaɗai ta yarda da majigin. Sauran kayan sarauta. Na duba gidan kaf, babu abin da ya yi kama da alkyabba sai labulen falo, ja ne mai geza ruwan zinariya. Uwargida ta riga ta tafi gwajin waƙa na zumuntar mata. Na ce ai aikin Ubangiji ne, na sauke shi.

Tun farkon wasa aka zaunar da ni a kujera gefen dandamali, ina hura hanci. Komai ya tafi daidai har aka zo kan makiyaya. An koya wa ƙaramin cikinsu, yaro mai murya kamar ƙararrawa, ya karanta duk saƙon da ya shigo da ƙarfi. Waya ta yi ƙara, rubutu ya fito a bango, yaro ya karanta saƙon mala'ika: "Kada ku ji tsoro, albishir na kawo muku!" Jama'a suka ce amin.

Waya ta sake ƙara. Yaro ya ɗaga hannu sama kamar yadda aka koya masa, ya rangaɗa: "Maigida, wannan ba labulen falona ba ne a jikinka?"

Coci ya yi tsit. Na hango ta a layin mata, kanta a sunkuye, tana ta danna waya. Ba ta ɗago ba balle ta ga bango. Na shiga yi wa mai majigi alama da ido, da gira, da sandar sarauta. Shi kuwa ya ɗauka cikin wasan ne, ya ɗaga min babban yatsa.

"Har da gezar ka taka da takalmi," in ji mala'ika. "Za mu haɗu a gida."

Makiyayan suka zube ƙasa. A tsarin wasan an rubuta cewa za su faɗi don tsoro, amma dariya ce ta kayar da su. Maryamu ta cusa fuska cikin zanen jariri, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin maƙwabciyar uwargida ta zungure ta, ta nuna mata bango.

Ana cikin haka masanan taurari suka iso gabana suna tambayar ina aka haifi sarkin Yahudawa. Matiyu 2:3 ya ce da Hirudus ya ji haka sai hankalinsa ya tashi. Ban sha wahalar nuna wannan ba. Gumi ya jiƙa labule, muryar da aka zaɓe ni dominta ta maƙale. Da na ce su je su dawo min da labari, wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, kai dai ka fara mayar da labule!"

Bayan an tashi Fasto ya riƙe hannuna ya ce shekara da shekaru yana kallon wasan nan, bai taɓa ganin Hirudus da tsoro ya kama da gaske haka ba. Wata tsohuwa kuma ta tare shi a ƙofa tana tambaya a wace sura ce mala'ika ya yi maganar labule, don ita ba ta taɓa jin wurin ba.

Na rataye shi da daren nan, uwargida na tsaye tana nuna min inda ya karkace. Matasa sun riga sun zo neman Hirudus na bana. Ita suke so.